Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Injin Girke, Daga Tsatsa Zuwa Bugun Farko

A gefen yammacin birnin Landan, a wani wuri da ake kira Kempton, akwai injinan tururi guda biyu da aka girka a ƙarshen shekarun 1920 domin tura ruwan sha zuwa cikin birni. Tsayin kowannensu ya kai ƙafa 62, kusan mita 19 ke nan, kuma sun yi ta aiki har zuwa 1980. Da aka daina amfani da su, sai wasu masu aikin sa kai suka kafa ƙungiya, suka shafe shekaru suna kankare tsatsa da wanke daskararren mai, har suka sake tayar da guda ɗaya, wanda a yau ake kunna shi a ranakun da aka keɓe domin jama'a su je su gani. Haka aka yi a Crossness da ke gabashin birnin, inda injinan da aka buɗe a 1865 don kwashe ƙazantar Landan suka yi shekaru a yashe, kafin a dawo da ɗaya daga cikin huɗun bakin aiki a 2003. Gargaren ƙarfen da ke jikin wannan inji kaɗai ya haura tan 50. Akwai kuma gidan adana injina na Anson a Poynton kusa da Mancesta, da na Coolspring a jihar Pennsylvania ta Amurka, waɗanda duk hannun masu sha'awa ne ya riƙe su.

Injin girke shi ne wanda ake kafawa wuri ɗaya a kan tushe, ya riƙa juya wani abu ta hanyar bel: famfon ruwa, ko dutsen niƙa, ko janareto, ko zarton katako. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taso a garin da ake kai niƙa rumfa ya san wannan bugun mai natsuwa, tuf, tuf, tuf, da ake jiyowa tun daga bayan kasuwa, kuma sau da yawa injin Lista ne ko ɗaya daga cikin 'yan uwansa. Irin waɗannan injina suna nan kwance a bayan tsofaffin rumfuna da gidajen ruwa da gonaki, suna jiran ranar da 'yan gwangwan za su zo su auna su a kilo. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga haka, domin ƙarfen da ya yi shekara sittin yana ciyar da gari bai cancanci a farfasa shi da guduma a yini ɗaya ba.

Manyan injinan tururi aikin ƙungiya ne, kuma tukunyar tururi ba a hura mata wuta sai ƙwararren mai bincike ya gwada ta ya ba da takarda. Saboda haka wannan jagora ya tsaya ne a kan injinan mai, daga matsakaita irin Lista har zuwa manyan kwantattun injina masu nauyin tan da yawa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa tsatsa tana cin inji a hankali cikin shekaru, amma gaggawar mai gyara tana iya kashe shi cikin minti ɗaya, kuma yawancin matakan da ke tafe hanyoyi ne na hana hannu yin gaba kafin ido da kunne su gama aikinsu.

Ka fara sanin wane ne a gabanka

Kafin ka ɗora sifana a kan noti ko ɗaya, nemi farantin tagulla da ke jikin injin, ka goge shi da tsumma da kananzir, ka rubuta sunan kamfani da lambar injin da ƙarfin dokinsa da yawan juyinsa a minti. Kada ka taɓa shi da samfefa, domin rubutun da aka buga a kai ba shi da zurfi, kuma idan ya shafe ka rasa shaidar haihuwar injin. Da wannan lamba ce ake gano shekarar da aka ƙera shi, da ita ce kuma ake samo littafin kamfani mai ɗauke da ma'aunai. Takardun kamfanin Ruston da Hornsby, alal misali, suna nan an adana su a birnin Lincoln inda masana'antar ta kasance.

Sai kuma ka tantance yadda yake kunna mai, saboda a nan hanyoyin tayarwa suka rabu. Akwai mai fulogi da maganeto (na'urar da ke ba fulogi wuta), wanda ke shan fetur ko ya tashi da fetur ya koma kananzir. Akwai mai zazzafan ƙoƙo, wanda Herbert Akroyd Stuart ya yi wa rajista a 1890, kamfanin Richard Hornsby na Grantham ya shiga ƙera shi jim kaɗan bayan haka; shi wannan sai an gasa wani ƙoƙon ƙarfe da ke kan silinda kafin ya tashi. Akwai kuma cikakken dizal, mai kunna mai da zafin matsin iska kaɗai, kuma fitaccen misalinsa shi ne Lista samfurin CS, wanda kamfanin R. A. Lister na Dursley ya fitar a 1929 ya ci gaba da ƙera shi har 1987. Mai lamba 6/1 a cikinsu yana ba da ƙarfin doki 6 da silinda ɗaya a juyi 650 a minti. An kwaikwayi wannan samfuri sosai a Indiya, musamman a garin Rajkot, don haka ba duk kore mai gargare biyu ba ne ɗan Dursley. Amma wannan kwaikwayo ya zama alheri, tunda kayan gyara da yawa na Indiya suna shiga na asalin.

Idan saye za ka yi, duba abubuwan da ba su da sauƙin mayewa kafin ka yi ciniki. Ɗauki ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa kowane hannu na filawil, wato babban gargaren nan mai nauyi; hannayensa su ne sandunan da suka haɗa tsakiyarsa da bakinsa. Lafiyayyen ƙarfen zubi yana yin amo mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ya ba da sauti bebe, kamar an bugi tulun da ya fashe. Filawil mai tsaga ba a yi masa walda a ci gaba da juya shi, domin in ya tarwatse a kan gudu gutsurensa yana ratsa bango. Ka bi jikin silinda da ido ka ga ko akwai layin tsatsa siriri da ke nuna fashewar rigar ruwa, wato gurbin da ruwan sanyaya ke zagaya silinda ta cikinsa, ka kuma ƙidaya ƙananan kaya: famfon mai, da nozul mai fesa mai a cikin silinda, da gwamna mai daidaita gudun inji, da kofunan ɗigon mai, da hannun tayarwa. Gangar jiki ba ta cika ɓata ba, amma waɗannan ƙananan su ake fara kwancewa a sayar, kuma neman madadinsu na iya fin kuɗin injin gaba ɗaya.

Ɗauka

Nauyin injin girke yana sama ne, a wurin filawil da silinda, shi ya sa yake saurin kifewa. Lista mai silinda ɗaya ya haura kilo 300, manyan kwantattu kuwa sai da motar ƙugiya. A ɗaura igiya ko sarƙa a gangar jiki, kada a rataya injin ta karanshaf ko ta hannun filawil, domin lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta cinye mital, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, cikin mako guda. A ƙasa kuma, bututun ƙarfe uku ko huɗu da katako mai kauri sun fi ƙarfin samari goma amfani: ana mirgina shi a kansu taku-taku, ana sa waigi a baya, kuma ba wanda zai sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashin abin da jak kaɗai ke riƙe da shi.

Fistin da ya cije

Wannan shi ne matakin da ya fi gwada haƙurin mutum, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Inji ya daɗe a ajiye, ruwan sama ya bi ta salansa ya sauka a kan fistin, tsatsa ta haɗe zobba da bangon silinda. Abin da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya zura dogon ƙarfe a tsakanin hannayen filawil ya danna da dukan ƙarfinsa. Na taɓa tsayawa a wata rumfa ina kallon samari uku suna yin haka, ɗaya ma ya hau kan ƙarfen yana tsalle. Sai muka ji ƙas, muka ɗauka fistin ne ya saki, ashe hannun filawil ne ya karye daga gindi. Injin da ke buƙatar wata ɗaya na jiƙo ya zama kayan gwangwan a gaban idonmu, mai shi kuma ya tsugunna yana shafa wurin karayar da yatsa, ya kasa cewa komai.

Hanyar da ta dace ita ce a fara da hoto. Ka ɗauki hoton kowane ɓangare kafin ka kwance shi, ka tanadi gwangwanaye ka rubuta sunan abin da ke cikin kowanne, domin bayan wata uku ba za ka tuna wane noti ne na ina ba. Ka sani kuma cewa injinan Ingila na wancan zamani zarensu na Whitworth ne, ma'aunin inci, wanda sifanun milimita ba sa kamawa daidai. In ka tilasta sai kan notin ya murje, in kuma ka cusa sabon noti na milimita sai ka ɓata zaren da ke cikin gangar jiki. A jiƙa kowane noti da dizal ko man sassauta tsatsa kwana biyu kafin a taɓa shi, wanda ya ƙi kuma a ɗan gasa shi da wuta a bar shi ya huce.

Bayan ka cire kan silinda, kwashe tarkacen da ke saman fistin, ka kankare tsatsar da ke bangon da ya bayyana, sannan ka zuba gaurayen dizal da baƙin mai ka rufe da leda. Duk safiya ka leƙa. Ranar da ka ga man ya ragu, to ya sami hanya ta gefen zobba, aiki ya fara. Sai ka kwance sandar fistin daga karanshaf, domin ka tabbatar ko fistin ne ya cije ko karanshaf ɗin kansa, kuma domin kada bugun da za ka yi ya sauka a kan mital. Ka sassaƙa guntun icce mai tauri, irin ƙirya ko marke, daidai faɗin fistin, yadda nauyin bugu zai bazu zuwa gefuna, tunda tsakiyar kan fistin ne ya fi rauni. Ka ba shi 'yan bugu kaɗan da guduma, ka ƙara mai, ka tafi harkarka. Zuba tafasasshen ruwa a rigar ruwa yana taimakawa, domin silinda kan ɗan buɗe kafin zafin ya kai ga fistin. Wani ya saki cikin mako, wani sai ya ci wata biyu, kuma motsin farko da za ka gani bai wuce kaurin farce ba. Daga nan sai a riƙa kai shi gaba a dawo da shi baya, ana share tsatsar da ke fitowa, har ya fita.

Zobba a cire su ta hanyar zura siraran faifan gwangwani uku a bayansu, a zame su a hankali, domin ƙarfen zubi ne, karyewa yake yi ba ya lanƙwasa. A wanke ramukansu tas. Ƙananan ramukan tsatsa a bangon silinda ba sa hana injin da ke juyawa a hankali yin aiki, musamman idan suna can ƙasa, nesa da inda matsi ya fi ƙarfi, don haka kada a yi saurin kai shi a rarake.

Ciki, mital, mai da ruwa

Buɗe ƙofar cikin injin ka kwashe tsohon baƙin mai, wanda a lokacin ya zama kamar kwalta, ka wanke da kananzir da buroshi har ka ga fenti ko farin ƙarfe. Idan na Indiya ne ka ƙara lura, domin an sha samun ragowar yashin zubi maƙale a lungunan cikinsu. Kowace ƙofar mai da kowane siririn bututu a busa shi a tabbatar mai yana ratsawa. Manyan kwantattun injina suna da zoben tagulla da ke rataye a kan karanshaf, yana juyawa yana ɗebo mai daga ƙaramar rijiya zuwa sama. Idan wannan zobe ya maƙale, mital zai bushe alhali rijiyar tana cike.

Mital na tsofaffin injina farin ƙarfe ne mai taushi, wanda akasarinsa kuza ce, an zuba shi a cikin ƙoƙon tagulla ko na ƙarfe. An yi shi da taushi ne da gangan domin shi ya ci, karanshaf ya tsira. A tsakanin ɓari biyunsa akan sami siraran faifai da ake cire ɗaya-ɗaya don rage sako-sako. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba bi ita ce a bar tazarar kusan kashi ɗaya cikin dubu na inci ga kowane inci na kaurin shaf, amma littafin kamfani shi ne alƙali. Gwajin hannu kuwa shi ne, bayan an ɗaure, sandar fistin ta iya faɗowa a hankali da nauyin kanta, ba tare da ka ji ƙwas ba idan ka ɗaga ta sama ka sauke. Idan farin ƙarfen ya tsattsage ko ya rabu da ƙoƙonsa, sai an narkar an sake zubawa an kankare shi da hannu, kuma wannan aiki ne da ya kamata a nemi tsohon bakanike da ya taɓa yi, a zauna kusa da shi a koya.

Bawul a wasa su a mazauninsu da man wasa bawul har sai zobe mai launin toka ya zagaye ba yankewa, sannan a gwada ta hanyar kifa kan silinda a zuba kananzir a ga ko zai tsiyaye. A Lista 6/1 tazarar bawul ɗin shigar iska ita ce 0.017 na inci, ta fitar hayaƙi 0.032, ana aunawa injin yana sanyi. Kaurin gaskit ɗin da ke ƙarƙashin silinda ma yana da muhimmanci, domin da shi ake daidaita tazarar da ke tsakanin kan fistin da kan silinda. Ana auna ta ne da guntun dalma da ake ɗorawa a kan fistin, a juya inji da hannu, a ciro a auna yadda ta baje.

Famfon mai da nozul su ne kayan da suka fi kowanne laushin aiki a jikin injin. A kwance su a kan tebur mai tsabta, a cikin kwanon dizal mai kyau, ba a ƙasa ba, ba kuma a ranar da hunturu ke kaɗa ƙura ba. Fulanja, wato 'yar sandar da ke tura mai a cikin famfon, da gidanta an wasa su ne tare tun daga masana'anta, don haka ba a musanya ta da wata, ba a kuma goga mata samfefa. Nozul mai lafiya yana fesa mai kamar hazo tare da wani ɗan kuka, ba ya ɗiga. Kada ka taɓa kai yatsa gaban wannan feshi, domin ƙarfinsa yana huda fata ya shigar da mai cikin nama, raunin kuma ƙarami ne a ido amma yakan kai ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti ba. Tankin mai a wanke shi, a sa matata sabuwa, a kuma kwance notin bututu a yi ta famfo har kumfar iska ta ƙare.

Game da baƙin mai, injin da ba shi da filta ya fi son mai mai lamba ɗaya kamar SAE 30, marar sinadarin wanki da yawa, domin an tsara shi ne datti ya kwanta a ƙasa a kwashe, maimakon ya yi ta yawo cikin mital. Ruwan sanyaya kuma yawanci tanki ne a gefe da bututu biyu: ruwan zafi ya hau ta na sama, mai sanyi ya dawo ta na ƙasa, ba tare da famfo ba. Sharaɗinsa shi ne bututun sama ya riƙa hawa ba tare da lotsawa ba, kuma ruwan tanki ya rufe bakinsa kullum, in ba haka ba zagayawar ta tsaya cik. A kankare farin dutsen da ruwan rijiya ya tara a rigar ruwa. Tsaga a wannan wuri ta fi karɓar ɗinkin sanyi, inda ake huda ƙananan ramuka a dasa maƙullan ƙarfe, a kan waldar lantarki da kan ja sabuwar tsaga a gefen tsohuwa. Tsofaffin gaskit da farin abin da aka naɗe salansa da shi na iya zama asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, saboda haka a jiƙa shi kafin a cire, kada a kankare shi a bushe.

Batun fenti kuwa masu sha'awa sun rabu biyu. Ni ina tare da masu cewa idan fentin asali yana nan, ko da rabi ne, a wanke shi a shafa masa mai a bar shi. Koren Lista da ya dushe, da gurbin da tafin hannun mai niƙa ya side a kan murfi, tarihi ne da sabon fenti zai binne.

Girki

Injin da zai zauna dindindin yana buƙatar tushen kankare da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, da kusoshin da aka dasa a ciki, kuma a raba tushen da bangon ɗaki domin kada girgiza ta tsaga gini. A daidaita shi da ma'aunin ruwa ta kowace fuska. Salansa ta fita waje, bakinta ya kalli ƙasa ko a yi mata hula, domin hayaƙin inji a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ba tare da ya ankara ba. A duba maƙullin da ke riƙe filawil a kan shaf, a tabbatar ya zauna daram, a kuma rufe kansa da ke leƙowa, tunda shi ne ke fara kama tufa. Sannan a kewaye injin da shinge ko igiya, kamar yadda ake yi a wuraren baje kolin injina a Ingila.

Bugun farko

Ranar tayarwa a rage jama'a. Mutum biyu sun isa, ɗaya a kan hannun tayarwa, ɗaya a kan hannun rufe mai, kuma su yi magana tun da wuri a kan abin da kowa zai yi. Babbar riga da rawani da mayafi da hannun riga mai faɗi duk a ajiye su nesa. Filawil mai kilo ɗari da ke juyi goma a daƙiƙa ba ya tsayawa don ya kama gefen riga. A tanadi faffaɗan katako da zai iya toshe bakin shigar iska, da abin kashe gobara.

Kafin a ba shi mai, a juya injin da hannu sau da yawa tare da ɗage bawul, ana saurare. Kunne zai gaya maka abin da ido bai gani ba: gogayya, ko ƙwanƙwasa, ko wurin da ya ɗan yi tauri. Sannan a saki bawul a ji matsi. Lafiyayyen inji yana turo filawil baya kamar an danna ƙwallo. A tabbatar babu ruwa ko tarin mai a cikin silinda, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma bugu ɗaya a kansa yana lanƙwasa sandar fistin. Daga nan sai gwamna, wanda shi ne ran al'amarin. Ka taɓa sandar da ke tsakaninsa da famfon mai, ka tura ta ka saki. Dole ta tafi ta dawo sumul, ba tare da fenti ko tsatsa sun riƙe ta ba. Injin dizal ba shi da makunnin da za a kashe, gwamna kaɗai ke hana shi gudun da zai tarwatsa shi, don haka idan kana da ɗigon shakka a kansa, a ɗage tayarwa zuwa wata rana.

A Lista CS, a cika rijiyoyin mai, a ɗiga mai a kan rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, a murɗa ƙaramin gargaren da ke gefen kan silinda zuwa ciki domin ƙara matsi, a ɗage bawul ɗin hayaƙi, a buɗe mai. Ka kama hannun tayarwa da babban yatsa a gefe ɗaya da sauran yatsu, kada ka zagaye shi da shi, saboda idan injin ya harba baya hannun zai fizge ne daga tafinka maimakon ya karya yatsan. Ka juya har filawil ya ɗauki gudu kana jin kukan nozul, sai abokin aikinka ya saki bawul, kai kuma ka ci gaba da juyawa har ka tsallake matsi. Da ya kama, zare hannun tayarwa nan take, kada ka sake shi a kan shaf. Idan ya ɗumama kuma aka ɗora masa kaya mai nauyi, sai a warware ƙaramin gargaren nan na ƙara matsi zuwa waje.

Mai zazzafan ƙoƙo kuwa sai an kunna fitilar hura wuta a ƙarƙashin ƙoƙon na kimanin minti 10 zuwa 15, har ya yi ja mai duhu, sannan a ɗan yi famfon mai sau ɗaya ko biyu, a kaɗa filawil baya ya daki matsi, a janye hannu. Kada a cika famfo, domin man da ya taru zai kama gaba ɗaya. Irin wannan inji yana iya tashi ta baya, saboda haka a dubi kibiyar da ke jikin filawil. Manyan da suka fi ƙarfin hannu da iska ake tayar da su: ana zura sandar ƙarfe a ramukan filawil a juya shi har alamar tayarwa, wato fistin ya ɗan wuce ƙololuwa, a cire sandar a ajiye ta a mazauninta, a murɗa famfon baƙin mai da hannu har ɗigo ya bayyana a kowane gilashi, sannan a buɗe iska. Tsohuwar tukunyar iska kuwa kada a yarda da ita don ta yi kyau a waje, domin daga ciki take ruɓewa. Sai an gwada ta da matsin ruwa a hannun wanda ya san aikin.

Idan inji ya ɓalle da gudu, a rufe mai. Idan bai saurara ba, to baƙin mansa yake sha, sai a toshe bakin iska da katakon nan, ba da tafin hannu ko tsumma ba. Kada kowa ya tsaya a saitin filawil.

Tashin farko kada ya wuce minti biyu ko uku. A kashe, a jira ya tsaya cik, a ɗora bayan hannu a kan kowane mital. Ɗumi ba laifi, amma wanda ya yi zafin da ba za ka iya barin hannu a kai ba ya matse ko ba ya samun mai, kuma sai an gyara kafin a sake. Daga nan a ƙara zuwa minti goma, sai rabin awa, ana sake ɗaure notocin kan silinda bayan ya huce. Hayaƙi ma yana magana: fari na nuna man da bai ƙone ba ko ruwa, shuɗi baƙin mai ne ke haurowa, baƙi kuma kaya ya yi yawa ko nozul na ɗiga.

Bayan ya daidaita, a ba shi aikin yi, ko da famfon ruwa ne ko ƙaramin janareto, domin dizal da ke juyawa fanko ba ya kai zafin da ya kamata, sai bangon silinda ya yi santsi, salansa ta riƙa tofar da baƙin ruwa. Ruwan da ke fita daga kansa ya kai kimanin digiri 70 zuwa 80, kuma idan ya taɓa ƙafewa kada a kwara masa ruwan sanyi yana da zafi, a jira ya huce.

Wajen kashewa a fara sauke kaya, a bar shi ya ɗan yi juyi fanko, a rufe mai ta hannun famfo, a ƙyale filawil ya tsaya da kansa. Sannan a juya shi da hannu har fistin ya hau kan matsi, inda bawul biyu suke rufe, domin kada danshi ya shiga silinda. A rufe kofunan ɗigon mai, a kifa gwangwani a bakin salansa, a goge sassan da ba su da fenti da tsumma mai mai. Idan zai daɗe bai yi aiki ba a tsiyaye ruwansa, a riƙa juya shi da hannu sau ɗaya a wata, a kuma ajiye ɗan littafi a rataye kusa da shi, inda za a rubuta ranar da aka tayar da shi, da awannin da ya yi, da ranar da aka canza mai, da duk wani sabon sauti da aka ji.